Matar Habibu ta Hawa na Huɗu

An fasa sa ranar auren Zulaihat Sada da Habibu Ado ranar Asabar da hantsi, a zauren gidan mahaifinta da ke Ƙofar Guga. Ba a yi faɗa ba, ba wanda ya ɗaga murya. Dangin Habibu sun zo da goro da alewa kamar yadda aka saba, suka koma da su a ɗaure cikin motar da ta kawo su.

Zulaihat ɗaliba ce da ke karatun harhaɗa magunguna a Alƙahira, saura mata shekara ɗaya, hutu ne ya kawo ta gida. Habibu yana koyar da lissafi a wata sakandare a Batagarawa. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, don haka ƙanen mahaifin, Alhaji Dabo, shi ne wakilinsa a duk maganar auren.

Alhaji Dabo ne ya tsayar da zaman. Sai da aka gama gaisuwa, aka tambayi iyali da gajiya da damina, sannan ya ɗora hannu a kan ƙunshin goron.

"Malam Sada, kafin a kwance wanga goro ina da tambaya. Wa ya ɗaura wa ɗiyarka aure a Masar?"

Malam Sada tsohon malamin makaranta ne, ba ya amsa tambayar da bai gane ba. Ya ce a maimaita.

Alhaji Dabo ya maimaita, ya kuma yi bayani. A watan da ya wuce ya je Alƙahira a duba masa ido. Tun da Allah ya kai shi garin, ya ga ya kamata ya yi binciken da ake yi kafin aure, wanda nisa ya hana su yi. Bai sanar da yarinyar ba, domin mai bincike maƙwabta yake tambaya. Ya samu kwatancen gidan, ya je, ya tarar ta bi 'yan ajinsu yawon buɗe ido zuwa Iskandariyya. Mai gadin benen ya samu, wani dattijo mai suna Ramadan. Alhaji ya yi shekaru yana fatauci a Jidda, Larabci bai gagare shi ba.

"Na ce mashi ina tambayar wata ɗaliba 'yar Najeriya, Zulaihat. Ya ce, ai matar Ustaz Habibu ke nan, ta hawa na huɗu. Na ce wane Habibu? Na buɗe waya na nuna mashi hoton ɗana. Mutumin nan ya rungume ni. Ya sa aka kawo mani shayi. Ya ce shi da idonsa ya ga Habibu, da kunnensa ya ji ya ce matarsa ce."

Alhaji Dabo ya ci gaba.

"Ban ji wani mummunan abu game da ita ba, wannan zan faɗa tsakanina da Allah. Ya ce babu macen kirki a benen kamarta. Namiji bai taɓa hawa wurinta ba, magariba ba ta yi mata a waje. Amma cewa ya yi matar aure ce. To, ko dai an ɗaura ba mu sani ba, ko kuma yaran nan sun iya abin da ban so a iya a gidana."

Malam Sada ya ce, "Kun ji daga gare shi. Ku ba ni lokaci in ji daga gare ta."

Nan zaman ya tashi.

Ga yadda abin ya faro.

Shekarunta na farko Zulaihat a ɗakin kwanan ɗalibai ta yi su, a cushe, ga nisa da makaranta. Kullum sai ta hau motar haya, ta sauka ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta nemi taragon mata, sannan ta ƙarasa da ƙafa. Da aka fara aikin ɗakin gwaje-gwaje da sassafe, sai makara ta fara cin makinta. Ƙawarta Lailatu, 'yar Funtuwa, wadda mijinta ke gida, ta ce su haɗa hannu su kama haya kusa.

Sun samu gida mai kyau a wani bene na wata tsohuwa. Dillalin ya gaya musu sharaɗin tun a bakin ƙofa: benen na iyali ne, ba a ba 'yan mata. Ya dubi hannun Zulaihat ya ce a ƙasarsu hannu ke magana. Zobe a dama, an yi baiko. Zobe a hagu, an yi aure.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya suka je ziyarar masallacin Azhar, suka zarce tsohuwar kasuwar da ke gefensa, inda ake sayar da fitilun tagulla da turare da casbi. A can ta sayi zoben azurfa marar ado, ta sa a hagu.

Zoben ya yi aiki fiye da yadda ta zata. Direbobin tasi suka daina tambayarta ko tana da saurayi. Ran da suka je kallon dalar Fir'auna a Giza, mai raƙumin da ya nace wa sauran 'yan matan da surutu ita "Madam" ya ce mata, ya durƙusar da raƙumin ya kau da kai har ta hau. A kwale-kwalen Kogin Nilu ma haka. Amma tsohuwar mai gidan ba ta tsaya ga zobe ba. Ta ce tana son ganin mijin.

Zulaihat ta kira Habibu ta bidiyo. Ya sa hula, ya zauna a ofishin malamai, ya tattaro Larabcinsa na Islamiyya. Tsohuwar da mai gadin suka leƙo fuskarsa a waya.

"Na'am," in ji shi. "Zaujati." Wato, matata ce.

Da aka kashe wayar, ita da Lailatu sun daɗe suna dariya. Daga ranar Ramadan mai gadi ya ɗauke ta kamar 'yarsa. In ta sauko da kwando ta taga da igiya, shi ke zuba mata burodi da tumatir. In ƙunshin daddawa da kuka ya iso daga Katsina, shi ke hawo mata da shi yana toshe hanci. Duk safiya sai ya ce a gai da Ustaz Habibu.

Babu wanda ya gaya wa kowa a gida.

Bayan azahar Malam Sada ya kira ta ɗakinsa. Mahaifiyarta, Inna Rabi, tana zaune a bakin gado. Zulaihat ta durƙusa kusa da ƙofa, ta faɗi komai bi da bi, ba ta rage ba.

"Ke nan ba a ɗaura ba," in ji shi.

"Wallahi Baba ba a ɗaura ba. Wa zai ɗaura, kana raye?"

"Na yarda. Ba waliyyi, ba sadaki, ba shaidu, ba aure. Wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani. Ba shi ke damuna ba." Ya cire tabarau ya ajiye. "Mi ya sa ba ki gaya mani ba?"

"Na san za ka ce a'a."

"Ƙwarai zan ce a'a."

"Da ka ce a'a, da na faɗi jarabawar, Baba. Kafin in isa an rufe ƙofa. Malamin ba ya buɗewa."

"Shi ya sa kika ba da kanki."

"Ban ba da kaina ba."

"Kin ba da. Ni ke ba da ke, Zulai, hakkina ne tun ranar da aka raɗa maki suna. Kika tashi kika yi shi da kanki a gaban mai gadi, don ɗaki."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Inna Rabi ta matso.

"Malam, ai kunya ce ta sa ta. Da wata ce da kanta a sake za ta yi yawonta. Ita zobe ta sa don maza su ƙyale ta. Ko Alhajin ai ya shaida."

"Ya shaida, kuma ya kwashe goronsa."

"Dama can ba so yake ba. Tun farko cewa ya yi ba ya son mai buɗaɗɗen ido."

"Da bai da hujja. Yanzu ɗiyarki ta ba shi."

Zulaihat ta ce, "Baba ka yafe mani."

"Na yafe. Amma ji nan. Ba zan mayar da ke ki ci gaba da kwana a ɗakin da aka samu da ƙarya ba, tsoho yana gaishe ki da sunan mijin da ba ki da shi. Jirginki ranar Lahadi ta sama ne?"

"E, Baba."

"To, ranar Juma'a zan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida bayan masallaci. In dangin yaron nan sun zo, a ɗaura, ki koma da gaskiyarki, biki sai kin gama. In ba su zo ba, ba ki komawa."

"Malam, shekara ɗaya fa ta rage mata!"

"Na sani. Ni na sayar da gonar."

Ya miƙa hannu. Zulaihat ta ɗauka fasfo yake nema. Ya ce a'a, zoben. Ta ce yana cikin jakarta, a filin jirgi take cire shi. Ya ce ta kawo, ta kawo, ya jefa shi a aljihun riga bai duba ba.

Kafin Litinin labarin ya zaga dangi. Da yamma wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan. Abbas ne, ɗan ƙanwar Malam Sada, mai sayar da takin zamani. Shi ya fara neman Zulaihat tun tana sakandare, kuma shi mahaifinta ya so, kafin ta nuna inda ranta yake. Da yake taubashinta ne, har tsakar gida ya shigo yana tafa hannu.

"Ina amaryar Masar? Haba Zulai, a sha biki a hana taubashi ko cingam?"

"Yaya Abbas, ba na jin wasa yau."

"Ni ma ba wasa ya kawo ni ba. Halan da raƙumi aka kai ki ɗakin?"

Ta ci gaba da tsince shinkafar da ke gabanta. Ya jawo kujera ya zauna, ya rage murya.

"Na fito daga wurin Kawu. Ya ce shi bai tilasta maki kowa, in kin yarda shi ke nan. To ki saurara. Alhaji Dabo ba zai zo ba, na san shi a kasuwa, in ya juya baya ya juya. Ni babana yana nan da ransa, ko gobe aka ce ya zo zai zo. A ɗaura ranar Juma'a, Lahadi ki hau jirginki. In gidan tsohuwar ya ishe ki, in kama maki wani."

"In ce wa mai gadin mi? Na canza miji a hutu?"

"Ki ce mashi wancan gwaji ne." Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya daina. "Ban ce ki so ni yau ba. Cewa na yi kar ki zubar da shekarun da kika yi saboda malamin lissafin da bai iya lissafa baffansa ba."

"Ka gama?"

"Na gama. Ranar Juma'a ina nan ƙofar gida, ko a kira ni ko kar a kira ni."

Bai jira rakiya ba. Inna Rabi ta ji komai daga madafa. Da ta zo karɓar shinkafar ta tarar tsakuwar da 'yarta ta tsince ta koma cikin tiren.

Habibu ya zo ranar Laraba bayan la'asar, a kan babur, da alli a hannun rigarsa. A soro suka tsaya, ita a jikin bango, shi kusa da ƙofa.

"Na je wurin Baffa har sau nawa," in ji shi. "Na rantse mashi. Ya yarda ba a ɗaura ba."

"To?"

"Ya ce zai zo, da sharaɗi. In an ɗaura kin zauna. Ya ce matar gidansu ba ta zama ƙasar wani ita kaɗai."

"Baba ya ce a ɗaura in koma. Baffanka ya ce a ɗaura in zauna."

"Haka ne."

"Kai mi ka ce?"

"Na ce mashi na yi maki alkawari tun ran da kika samu gurbin karatun. Ya ce alkawarin yaro ba ya ɗaure babba."

"Habibu, kai ka ce zaujati. Da hularka."

"Na sani."

"Har ka ƙara da cewa a kula maka da ni. Ban sa ka faɗi wannan ba."

"Shi kaɗai na tuna a littafin Larabcin." Ya yi murmushi, ta ƙi tayawa. "Zulai, da na san Baffa zai je asibitin ido ya dawo da ganin da ya fi na kowa, da na ce ki haƙura da jirgin ƙasan."

"Da ka ce, da na faɗi."

"Da kin faɗi, da kin maimaita. Yanzu fa?"

Ta juya fuska ga bango. Kukan bai yi ƙara ba, kafaɗunta kawai ke motsi.

"Ka san abin da nake yi a garin nan? Karatu da barci. Ranar hutu in je in tsaya gaban dutsen da wasu suka tara, a ɗauke ni hoto in turo maka. Na ga teku a Iskandariyya, abin da ya fara zuwa raina shi ne kai ba ka taɓa gani ba. Duk wanda ya tambaye ni sunanka nake faɗa. Ƙarya ce, na yarda. Amma ni ban taɓa jin ta kamar ƙarya ba."

Habibu ya karkaɗe allin da ke hannun rigarsa.

"An ce Abbas ya zo."

"Ya zo."

"Mi kika ce mashi?"

"Ban ce mashi komai ba."

"Ba ki ce a'a ba?"

"Ban ce e ba. Kar ka tambaye ni fiye da haka. Gonar Baba ce ta tafi a karatun nan, ba tawa ba."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"In na zo ni kaɗai fa? Shari'a ba ta hana namiji karɓar aurensa ba."

Amsar daga cikin zaure ta fito. Malam Sada ya dawo daga masallaci, bai ɓoye cewa ya ji ba.

"Shari'a ba ta hana ba, ni na hana. Yaro ba ya karɓar wa kansa aure a ƙofar gidana. Kun riga kun yi ɗaya ku biyu ba manya, ya isa. Ka zo da babba daga dangin ubanka."

Habibu ya durƙusa ya gaishe shi. Malam Sada ya amsa gaisuwar cikakkiya, har ya tambayi ɗalibai, sannan ya wuce ciki.

"Akwai Baffa Sani," in ji Habibu bayan ya miƙe. "Yayansu ne duka, ya girmi Baffa Dabo. Yana ƙauye bayan Batagarawa, noma yake. Sun daɗe ba su jituwa. In ya zo, Baffa Dabo ba zai ƙara kallona ba, kuma gidan da innata ke ciki nasa ne."

"Za ka je?"

"Ban taɓa kai mashi ko gaisuwar salla ba, Zulai. Ban san da wace fuska zan shiga ba."

"Za ka je?"

Ya ta da babur ɗin. "Gobe in na tashi daga aji."

Ranar Alhamis ya turo mata saƙo cewa ya kama hanya. An yi ruwa mai yawa a yammacin. Bayan wannan saƙon ba ta sake jin sa ba.

Ranar Juma'a da safe Lailatu ta kira daga Alƙahira. Ta ce an liƙa jadawalin shekarar ƙarshe, wanda bai yi rajista a makon farko ba sai baɗi, in ma an karɓe shi. Ta ce Ramadan ya wanke matakalar bene, ya kuma tambaya ko wannan karon Ustaz zai rako Madam.

Zulaihat ta ce za ta kira ta daga baya.

Da aka sauko daga masallaci Malam Sada ya sa aka shimfiɗa tabarmi a inuwar ƙofar gida. Ya zauna da liman na unguwa da maƙwabta biyu. Bai gayyaci kowa ba, amma mutane sun taru, domin unguwar ta san abin da ake jira. Farar motar Abbas tana tsaye a tsallaken titi, mahaifinsa a gaba da babbar riga, gilashi a sauke.

A ɗaki akwatin Zulaihat yana buɗe, an zuba kuka da daddawa da yaji a gefe ɗaya, ɗaya gefen ba komai. Inna Rabi ta leƙa waje ta dawo, ta sake leƙawa.

"Babanki ya aiko. Ya ce in an kira la'asar zai tashi. Ya ce in kina da magana game da mutanen cikin motar, ki faɗa kafin nan. In babu, babu."

Zulaihat ta sake kiran lambar Habibu. Muryar na'ura ta ce wayar a kashe take.

"Mi zan ce mashi?" in ji Inna Rabi.

"Ki ce ba a kira ba tukuna."

Ladan yana alwala a bakin masallacin unguwa. Daga hanyar Batagarawa babura suna ta shigowa, kowanne da laka har gwiwar mai tuƙi. Babu wanda ya tsaya a ƙofar gidan Malam Sada.